Hayaƙin Ƙarƙashin Bene

Da hantsi katafilar ta sake rage ƙarfi, tana ɗaga bokitin ƙasa kamar mai ciwon baya. Injiniya ta tsaya bakin ramin tana kallo. Na'urar da ke fesa ruwan tace hayaƙi ce ta rikice, kuma duk sa'ad da ta rikice injin ba ya ja. Sabuwa sai an yi odarta daga nesa, mai ginin kuwa ya gaji da jin uzuri.

Ta kira makaniken kamfani ta ce ya kashe na'urar gaba ɗaya, injin ya riƙa ja ko da hayaƙin zai fita ba tacewa. Ya sosa ƙeya, ya tuna mata cewa haƙan ya shiga ƙarƙashin bene, inda iska ba ta ratsawa. Ta ce na ɗan lokaci ne, kuma kada direban ya sani.

Direban tsoho ne, ma'aikata na ce masa Dattijo. Tun kafin a haifi rabinsu yake kan sitiyari. Ita ta zaɓa masa wannan katafilar saboda kujerarta ta fi taushi. Washegari da ya ji injin ya dawo da ƙarfinsa, ya leƙo ta taga yana gaya wa leburori cewa karatun Injiniya bai faɗi ƙasa banza ba. Ta kawar da kai.

Aiki ya yi gudu, mai gini ya daina kira. Amma in an sauka ramin, wani yaji ke shiga hanci ya tsaya a maƙogwaro. Dattijo ya fara fitowa da jajayen idanu yana tari. Ta ba shi takunkumi, ya rataye a wuya, ya ce mura ce kawai, jikin tsufa.

Sabuwar na'urar ta iso. Ɗaura ta zai tsayar da aiki wuni guda, don haka ta tura kwalin ƙarƙashin teburinta. Kullum ƙafarta na taɓa shi, kullum tana cewa gobe.

Wata la'asar leburori suka ga bokiti ya tsaya cak a sama, injin na ta ruri. Suka tarar da Dattijo ya kife kan sitiyari, leɓɓansa sun sauya launi.

Ba ta bi motar asibitin ba. Ta ɗauko kwalin ta miƙa wa makanike. Ya karɓa ya juya ya tafi, ita kuwa da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Wayarta na ta ƙara a aljihu, ta kasa ɗauka.

Sai da rana ta kusa faɗuwa ta ja ƙafa zuwa asibiti, takalmanta duk laka. Wani lebura ya tare ta a baranda, ya ce likita ya ce hayaƙi ya ci huhun. Ya ce Dattijo ya farfaɗo na ɗan lokaci, abin da ya iya faɗa kawai shi ne kada kowa ya ga laifin Injiniya, injin ne ya tsufa.

Ta wuce zuwa ɗakin da aka kwantar da shi.

A ƙofar ɗakin ma'aikaciyar jinya ta dubi hular kwanon da ke hannun Injiniya.

"Mutanen kamfani a waje suke jira. Dangi kaɗai ke shiga. Mene ne shi a wurinki?"

Injiniya ta dube ta.

"Mahaifina ne."