Jan Biro a Takardar Matar Wanzami

An yi wani wanzami da ba ya buɗe zabira sai ya buɗe baki tukuna. Cewa yake shekara talatin yana kallon jinin mutane a cikin ƙaho, har ta kai in ya ga launinsa zai faɗa maka abin da ka ci shekaranjiya. Wai shi jini bai taɓa kaɗa masa hanji ba, na kowa ne kuwa. To, matarsa ta yi ciwon daji na mama. An yi aiki an cire, an yi wata da watanni ana ɗaura mata ruwan magani, gashinta ya zube ya sake tsirowa, kaza-kaza dai har likita ya ce an ci ƙarfin abin, sai dai duk wata uku ta zo a auna jini. Zuwa biyu lafiya lau. A na uku aka miƙo masa takarda, ga layi ɗaya an zagaye shi da jan biro, aka ce su dawo nan da mako biyu. Gwanin jini ya duba, ya juya takardar, ya sake dubawa, ya ga wannan jinin ba launi gare shi ba, lambobi ne. Ya ninke ta huɗu ya tura ƙasan zabira, ya ce wa matar komai daidai, komawar ma al'adar asibiti ce kawai.

Daga ranar nan abu ɗaya ne a kansa: ciwon nan ya dawo ko bai dawo ba? Yana wasa aska, jan biro yake gani a jikin dutsen. Yana aske wa mutum ƙeya, sai ya tsaya da hannu a sama har mai kan ya waiwayo. Ya nuna wa mai kemis takardar, mai kemis ya ce sai likita. Ya nuna wa wani malamin makaranta, shi kuma ya karanta masa Turancin tiryan-tiryan, ya bar shi inda ya same shi. In matar ta yi tari, ya ce shi ke nan. In ta yi dariya, ya ce ƙarfin hali ne. Ita kuwa baiwar Allah tana ta shararta a hankali, ta yi rabin tsakar gida ta zauna ta huta, ta tashi ta ƙarasa. A bakin kasuwa dai bai fasa cika baki ba, sai dai muryar ta rage, kuma ya ƙara wa tazugen wandonsa ƙulli.

Ranar komawa likita ya ce jininta ne ya yi ƙasa, abin da kan biyo bayan irin maganin da ta sha. Bai ga alamar ciwon ya dawo ba, amma za a ƙara mata jini leda guda, kuma bayan wata uku a sake dubawa, bayan wata ukun ma a sake. Aka ce maigida ya ba da ledar. Aka kai shi baranda inda ake ɗiba, matar na biye da shi, ga mata jere a benci da katinsu, ga 'yan rakiya, har da wani mahauci da yake yi wa ƙaho duk damina. Nas ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Ta ce, "Baba, tsakaninku wane ne mara lafiyar? Wannan hawan jinin ba a ɗiba a kansa. Yaushe rabonka da barcin kirki?" Ya buɗe baki zai kawo nasa, matar ta riga shi, ba ta ko ɗaga murya ba. "Kwana goma sha huɗu, 'yar nan. Tuwo ma awaki yake zuba wa, ya kawo min kwano wai ya cinye. Ni tun ranar da aka ba mu takardar kika yi min bayani da Hausa, shi yana can neman mota. Na yi shiru ne don na gaji, ba zan iya jinya biyu ba." Nas ta ce to bari a ɗan tsaga yatsansa a ga nasa jinin. Da ta fito da 'yar allura, ba ta kai tsinken sakace ba, sai mutumin ya rufe ido ya juya fuska bango, yana janye yatsan har sai da mahaucin ya taso ya riƙe masa hannu. Ba wanda ya yi dariya sosai a bencin nan, kowa da tasa takardar a hannu. Wata tsohuwa ce kawai ta gyara mayafi ta faɗi abin da Hausawa suka daɗe da faɗa: wanzami ba ya son jarfa.