Bashin Gida Na Shekara Goma

"Malama, rubuta shekara ashirin," in ji jami'in banki. "Kuɗin ruwan ba zai ƙaru ba, albashinki kuwa ba zai ɗauki biya a shekara goma ba."

"Goma zan rubuta, Yallaɓai."

Da bashin ta gina gida a Yalwawa. Duk wata ana yanke rabin albashinta na koyarwa. Ta daina sayen nama, tana zuwa makaranta a ƙasa, ba ta kai wa kowa kuka ba.

Sauri take yi, domin mahaifinta ya rantse ba zai taka gidan ba muddin akwai bashin ruwa a kansa.

A shekara ta tara ya rasu. Bai taɓa shiga ɗakin da ta gina masa ba.