Tsallakar da Yaya Sagiru

A bakin kogin Gaya, kan iyaka da ƙasar Benin, Latifa ta tarar da saurayinta Yazidu yana ɗaure kwalekwalensa. Ko sallama ba ta yi masa ba.

"Kai ka tsallakar da Yaya Sagiru?"

Ya sunkuyar da kai. Tun da Benin ta koro yayanta bayan ya gama zaman kaso kan ƙwaya take zarya wajen lauya, don a ba shi izinin komawa ga iyalinsa a garin Malanbil, tsallaken kogin. Magana ta kusa nuna, sai jiya Yazidu ya haye da shi a ɓoye, 'yan sandan can suka cafke shi.

"Hawayenki na gaji da gani, Latifa. Na ce in ya koma hankalinki zai kwanta, iyayena su kawo goro."

Ta zuba masa ido jajir.

"Aurenka ka yi wa gaggawa, ba yayana ba."

Ya matso, ta ja da baya.

"Su riƙe goronsu. Ranar da Yaya ya taka gadar kan iyakar can da izinin hukuma, ka neme ni. In kuma ka rufe masa ƙofa har abada, to da tawa ka haɗa."