Saura Taƙi Ɗaya

"Inna, duka zan saya," in ji wani mai tara 'yan jiragen ƙasa na wasa, da ya zo tun daga unguwar Treichville.

Ta yaye zanen da ke kan teburin marigayin mijinta. Shekara talatin yana tuƙa kan jirgin da ke jera taragu a tasha, wanda ba ya barin gari. Irinsa kaɗai yake ƙerawa da gwangwanin tumatir. Kowace Sallah sai ya ƙara wa layin dogon da ya shimfiɗa a teburin taƙi ɗaya, ya ce mata, "Mun kusa gida."

Baƙon ya tura ɗaya da yatsa. Ya gangara, ya tsaya inda layin ya ƙare, saura taƙi ɗaya ya isa 'yar tashar da aka rubuta wa Maraɗi.

Ta mayar da zanen a hankali.

"Yi haƙuri, ɗana. Jibi Sallah."