Ɗana Ba Zai Hau Goɗiya Ba

Zubair ya kai shekara bakwai bai taɓa zama shi kaɗai ba. In an zaunar da shi a tabarma sai an tokare shi da matasai, in ba haka ba ya kife gefe guda. Ranar da aka haife shi bai yi kuka da wuri ba, ƙafafunsa suka taso a sanƙare. Amma kansa garau, ga surutu kamar rediyo. Kullum da safe yana kallon yaran garinsu Tamawa suna wucewa makaranta, yana tambayar uwarsa Bilkisu yaushe za a sayo tasa jakar. Hedimasta ya riga ya ce duk ranar da ya iya zama a benci, a kawo shi.

A asibiti a Dutsin-Ma suka haɗu da Sista Kezia, ma'aikaciyar gashin ƙashi. Bayan motsa jikin da take yi masa, ta ce su riƙa zuwa Kurfi ranar Asabar wajen Baba Ashafa, wani tsoho mai kiwon dawaki da suke aiki tare. Ta yi wa Mamuda, uban yaron, bayani: tafiyar doki a hankali tana kaɗa ƙugun yaro kamar shi ke takawa, ɗumin jikin dabbar yana sassauta jijiyoyi, yaron kuma yana ta ƙoƙarin riƙe kansa bai san aiki yake yi ba.

Dabbar da suka tarar tsohuwar goɗiya ce mai suna Bidi. Babu sirdi, bargo kawai ake shimfiɗa mata. A sa wa Zubair hular kwano, Baba Ashafa ya ja ragama, Sista Kezia ta riƙe shi ta dama, Mamuda ta hagu, a yi ta zagaya fili. Kafin damina ta ƙare yaron ya fara miƙe bayansa, har yakan ɗan zauna a tabarma ba matashi. Bilkisu har kukan daɗi ta yi.

Sai magana ta fito a majalisa. Kun san mutanenmu, namiji ba ya hawan goɗiya, ita ta haihuwa ce.

"Mamuda, ashe ɗanka goɗiya yake hawa?" in ji wani mai suna Ɗanmaraya. "Jikan mahaya guda, an aza shi bisa bargo kamar buhun gero!"

Aka kwashe da dariya. Mamuda ya ji kunya har cikin ƙashinsa. Asabar na zagayowa ya nuna wa Baba Ashafa ingarman da ke ɗaure a turke, ya ce daga yau wannan za a riƙa ɗora wa yaron.

"Ɗana, wancan na sukuwa ne," in ji tsohon. "Wagga kuwa, ko ihu yaro ya yi mata a kunne ba ta razana."

Sista Kezia ta ce, "Baban Zubair, ba hawa muke koya masa ba, magani muke yi."

"To ɗana ba zai ƙara hawan goɗiya ba," Mamuda ya ce, ya saɓi yaron suka tafi.

Ran Juma'a da la'asar ya aro ingarman wansa Hamma, ya ɗaura masa sirdi a ƙofar gida, daidai inda majalisa za ta gani. Bilkisu tana roƙonsa daga zaure, bai ko waiwaya ba. Ya ɗora Zubair, babu hula, babu mai riƙo a gefe. Wani mai babur ya danna oda. Dokin ya yi tsaye da ƙafafun baya, Zubair ya faɗo, cinyarsa ta karye.

Watanni ya yi kwance cikin filasta. Da aka cire, jijiyoyin sun sake ɗaurewa, zaman da ya fara ya tafi. Aka ɗauki sababbin ɗalibai babu shi. Abin da ya fi ci wa Mamuda rai shi ne yaron ya daina tambayar jaka, kuma ko jaki ya ji yana wucewa sai ya ƙwala ihu.

Mamuda ya koma Kurfi kansa a ƙasa. Baba Ashafa bai yi masa gori ba, ya ce kawai, "Kawo mana shi. Bidi tana nan."

Daga ƙasa aka sake farawa. Zubair yana maƙale a ƙirjin ubansa, ya miƙa mata harawa daga nesa. Wata Asabar ya shafa wuyanta. Sai da rani ya raba ya yarda aka ɗora shi, Mamuda yana tafe a gefe kamar yadda Sista Kezia ta koya masa, hannunsa a kan gwiwar yaron.

Wata Asabar Ɗanmaraya ya biyo ta filin za shi kasuwa, ya tsaya, ya buɗe baki zai yi magana. Mamuda ya riga shi.

"Goɗiya ce, ƙwarai kuwa. Amma duba wanda ke zaune bisa kanta, bayanshi a miƙe!"

Bana Zubair ya shiga aji ɗaya, shekara guda bayan lokacin da ya kamata. Yana zaune a bencin gaba, jakarsa a kan cinyar da ta warke.

Iyaye, idan masana suka tsara wa yaronku hanyar samun sauƙi, ku bi ta yadda suka tsara. Kada ku canza maganin ɗanku don dariyar majalisa, domin ranar da ya faɗi, ba masu dariyar ne za su yi jinyarsa ba.