Ruwan Azurfar Mushe Alƙasum

Mushe Alƙasum ya tsoma wayoyin azurfa biyu cikin kwalba, ya raba su don kada su taɓa juna, sannan ya haɗa su da pil, wato batiran rediyo, goma sha biyu da ya jera cikin kwali. Jim kaɗan wani siririn hazo ya fara fita daga jikin waya ɗaya.

Malamin kimiyya ne a wata sakandare a Tawa, mutumin Damagaram. "Mushe" kuwa laƙabi ne da ake yi wa malaman boko a can. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa a 1994 makarantar take rufe saboda yajin aiki, magani a farmasi kuma ya fi ƙarfin talaka. Shi ya sa ya koma ga abin da ya sani: haɗa ruwan azurfa don magani. Ba ya amfani da ruwan rijiya, don gishirinsa yana kama azurfar ya mai da ruwan fari kamar tsala. Sai ya tafasa ruwa, ya tare tururin da murfin tukunya, ya tara ɗigo-ɗigo. Idan aikin ya yi kyau, ruwan yakan koma rawaya kamar shayin da aka dafa sau uku.

Bai taɓa sayar da ko kwalba ɗaya ba. Duk na tsohuwar da ke gidansa ne.

A watan da makaranta ta rufe ya sauko da ita daga mota, makauniya, ramammiya, tana wani tari mai tsaga ƙirji. Ya ce wa maƙwabta, "Ga Inna." Sunanta Lalla. Hausarta na da karin Buzaye, sai mutane suka ɗauka baban Mushe a arewa ya yi aure. Ya ba ta ɗakinsa, ya koma zaure. Shi ke dama mata fura, shi ke wanke mata kaya. Ya sayo mata mayafin turkuɗi mai tsada alhali takalminsa ya huje. Kowace hantsi yakan shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida ta sha rana. Unguwa ta yi ta sa masa albarka.

Wata huɗu cokali ɗaya yake ba ta kullum. Tarin ya lafa. Maƙwabciyarsa Kadidiya, ma'aikaciyar jinya ce, ta gaya masa ƙoshi da hutu ne suka yi aiki, ba wannan ruwan ba. Ya yi murmushi, ya ƙara zuwa rabin kofi. Da damina ta faɗi ya mai da shi kofi guda. Da kaka, kofi uku.

Kafin ta sha yakan ce ta buɗe baki, ya duba dasashinta. Yakan riƙe yatsunta ya daɗe yana kallon faratan. Lalla takan ce ba ta taɓa ganin ɗa mai kula irinsa ba, ta shafa kansa.

Kadidiya ce ta fara lura. Faratan tsohuwar sun yi shuɗi. Farin idonta ya koma ruwan toka. Mushe ya ce turkuɗin ne ke zuba. Wata rana da ya fita, Kadidiya ta ɗauko sabulu da soso ta dirje hannun tsohuwar har ta fara nishi. Launin bai motsa ba. Inda rana ke bugu ya fi duhu: goshi, kumatu, bayan hannu. Fuskar ta zama kamar gindin tsohuwar tukunyar dalma.

Kadidiya ta tare shi a ƙofar gida. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya yi mata bayani kamar yana gaban allo. Azurfar takan taru a ƙarƙashin fata, haske ya ƙona ta, kamar yadda takardar hoto ke baƙi. Ta tambaye shi yaushe zai goge.

"Ba shi gogewa," in ji shi.

"Ka sani, kuma kake ba ta?"

"Yanzu na sani."

Labari ya bazu. Mata suka daina shigowa gaisuwa. Mai nonon da ke kawo musu kindirmo ta ga fuskar Lalla, ta bar ƙwaryarta ta gudu. A bakin rijiya aka ce mayya ce, wasu suka ce gawa ce ta ƙi kwanciya. Ranar wani suna a unguwa, da ta lallaɓo da sandarta ta zauna cikin mata, sai aka tashi ɗaya bayan ɗaya aka bar ta ita kaɗai a kan tabarma, tana ta yi wa iska barka.

Da ta dawo ta tambaye shi me ta yi wa mutane. Ya ce ba komai, hankalin kowa na kan zaɓe ne.

Kwana biyu bayan haka ya kwance wayoyin, ya wanke kwalbar. Ya naɗe kayan tsohuwar cikin mayafinta, ya kai ta tasha, ya sa ta a bayan motar da ke zuwa Affala. Ta riƙe hannunsa tana tambaya ko zai biyo ta gobe. Ya zare hannun, ya ce wa direba ya sauke ta a bakin kasuwa.

Daga nan ya tsallaka wajen motocin Damagaram da kwali mai kwalabe shida. Ya durƙusa, ya ɗora takarda a gwiwarsa, ya rubuta wa ƙanwarsa:

"Ruƙayya, ga maganin tarin Inna, ki ba ta haƙurin jinkiri. Cokali ɗaya a rana, kada ki kuskura ki wuce. Ban yarda in ba mahaifiyarmu ba sai da na samo wata mabaraciya mai shekarunta da irin tarinta a kasuwar Affala, na gwada a jikinta."