Gyaran Maigida

Maigida ya durƙusa da gam a hannu, yana liƙe duk wata kafa a ƙasan ƙofofin motar matarsa. Da an yi ruwa kafet ya jiƙe, warin fumfuna ya tashi, sai ta nufi wajen bakanike. Bakaniken kuwa dogo ne, ga wushirya, ga dariya ba dalili.

Daga yau an gama zuwa gareji.

Da aka sake ruwa, ta dawo a ƙafa.

"Ina motar?"

"Tana gareji. Wai wani mai basira ya toshe kafofin da ruwa ke fita. Gyaran zai daɗe." Ta ajiye jaka. "Amma kwantar da hankalinka, maigida. Ya ce shi zai riƙa kai ni aiki."